Wutar da Ta Bi Burtali

Laminu ne ya ɓata mini suna. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Shekara uku ke nan, a gindin babbar aduwar kasuwarmu, gaban mai gari da Ardo Jaɓɓi da ma'aikatan gandun daji biyu da suka zo daga Belbeji, ya tashi ya ce ni na zaɓi inda aka bi da hanyar wutar da gobara ta tsallake. Ya san ba ni ba ne. Ni da shi benci ɗaya muka zauna a lakwal, wato makarantar boko. Ni na tsaya a aji biyar, shi ya wuce Damagaram ya dawo da takarda, aka ba shi shugabancin kwamitin ko-ta-kwana na garinmu. Tun daga ranar nan ba a ƙara kirana aiki ba.

Sunana Habu, ana ce mini Habu Manjagara. Sana'ata share hanyar wuta a makiyaya, wato dogon fili da ake kankare ciyawarsa har ƙasa ta fito, don in gobarar daji ta iso ta rasa abin ci ta tsaya. A takarda parfe suke rubutawa. Ku samarin da aka rubuta sunayenku bana, ku nake yi wa wannan rubutu, domin na ji ɗayanku a wajen mai shayi yana cewa, "Wai wannan ma sana'a ce? Ai shara ce, ko tsohuwa ta iya." Ban tanka masa ba, ubansa abokina ne. Amma ku saurara.

Aikina na farko a hannun Baba Kyari na yi shi, Allah ya ji ƙansa. Babarbare ne gajere, tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙarangiya ba ta kama shi. Kwana uku bai bar ni na taɓa manjagara ba. Sai dai mu hau tudu, ya tsinki busasshiyar ciyawa ya watsa sama, ya ce, "Ina ta faɗi?"

Na ce, "Yamma."

Ya ce, "Yamma gidan ubanka ne? Je ka tsaya a kanta."

Na je na tsaya. Ya sa na ƙirga takina daga wurinsa, ya sa na duba ko yamma ce sak ko ta karkata kudu. Da hantsi mu yi, da azahar mu sake, da la'asar mu sake, domin iskar safe daban take da ta yamma. A rana ta huɗu ya ja layi da sandarsa ya ce hanya gicciye take kwanciya wa iska, ba ta bin ta. In ka share hanya ta bi iska, titi ka yi wa wuta, za ta bi gefensa tana yi maka godiya. Kuma ba a yin ta a fuskar tudu, domin wuta in tana hawa gudu take kamar an kore ta. Sai ta haye ƙoƙuwa ta fara gangara ta rage ƙarfi, a nan ake tare ta. Wannan duk kafin a ɗaga hauya ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai hauya mai doguwar ƙota ta saran tushen gamba da 'yan tumfafiya. Tumfafiya ba a barinta ko ɗaya a bakin hanya, audugarta in ta kama wuta tashi take sama kamar tsuntsu ta sauka a wancan gefen. Akwai manjagara. Tawa wani maƙeri ne ya ƙera mini ita a kasuwar Tanout, haƙora tara, ƙotar magarya. Sau huɗu na sake ƙota, haƙoran suna nan. Irin waɗanda furoje, wato shirin tallafi, ke rabawa masu jan fenti, kwana biyu a ƙasa mai tauri haƙoransu sun kalli sama. Ku karɓa dai, kyauta ce, amma ku riƙe dutse a aljihu na miƙar da su. Akwai reshen aduwa mai ƙaya da ake ɗora wa duwatsu sa ya ja, shi ke karya ciyawa a gaba. Sai kwando.

Kwandon nan shi ne sana'ar. Sa yana gaba, masu hauya na biye, masu manjagara na bayansu suna tara ciyawa a kwashe a amalanke, domin ba a barin tsibi a bakin hanya. Can baya kuma akwai mutum guda da kwando, kansa a sunkuye, yana tsintar kashin shanu da na jakai da na raƙuma ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ina ganin Baba Kyari da kansa yake wannan, ina cewa a raina tsufa ne ya hana shi aikin ƙarfi. Ranar da ya miƙo mini kwandon na ɓata fuska, na ce, "Baba, me na yi maka?"

 Ya ɗauki busasshen kashin saniya mai faɗin faifai, ya ɗora masa garwashi ɗan ƙarami daga murhun shayi, ya ajiye a tsakiyar yashi. Muka koma aiki. Muka ci abinci, muka yi azahar, muka yi la'asar. Sannan ya kira ni. Abin yana nan, ba hayaƙi, ba komai, toka-toka. Ya ce, "Ɗauka." Na kai hannu na janye da ihu. Ya karya shi da sanda, cikinsa ja wur. Iska ta busa, tartsatsi ya gangara taki uku.

Ya ce, "Ciyawa mai surutu ce, ta kama, ta yi ihu, ta mutu. Wannan shi ne munafukin. Yana jira kowa ya tafi gida."

Na raƙumi ya fi sharri, domin dunƙulalle ne, iska na gara shi da wutarsa a ciki. Tun ranar ban ƙara raina kwando ba. Da na zama mai jan aiki ni ma ni nake ɗaukarsa.

Akwai shekarar da muka yi wa Ardo Jaɓɓi hanya a kwarin da yake ajiye ciyawar rani, wanda ba ya barin ko maraƙi ya shiga sai sanyi ya wuce. Ardo dogon mutum ne mai dariya. Kullum da hantsi zai zo a kan jaki, ƙafafunsa na jan ƙasa, da ƙwaryar nono, ya ce wa Baba Kyari, "Bawana, ka gama share wa shanuna titi?" Baba ya ce, "Bafillacen banza, Barebari nake share wa hanyar da za su zo su kwashe su." Su yi ta yi har nonon ya ƙare. Da Baba ya rasu, Ardo bai daina aiko da ƙwaryar ba, gidana ta dinga zuwa. Ba yarjejeniya ba ce, ba lada ba ne. Ya ce mini, "Kai ba Babarbare ba ne, ba ni da abin zaginka, sai dai ka sha."

Buzaye ma mun yi wa aiki arewa da Belbeji. Su shayi suke tarbarka da shi, kofi uku, ba gaggawa. Daga Baba na gaji wata ɗabi'a da ba sa so: ba na shan kofin ƙarshe sai na ga an haƙa rami an binne garwashin, an zuba ruwan wankin buta a kai, na taka wurin da ƙafata ba takalmi. Wani dattijonsu ya ce mini, "Kai baƙo ne ko jandarma?" Amma bayan shekara biyu na tarar da jikokinsa suna yi ba wanda ya sa su. Matan gari kuwa su ne ke jiran amalanken ciyawa saboda ragunan da suke turkewa, kuma sun fi kowa iya duba aiki. In ka haɗa da ƙasa a ciyawar, sunanka zai riga ka isa rijiya.

Bijimin da na fi daɗewa da shi sunansa Kumandan, domin abin da ya ga dama yake yi. In rana ta kai tsaka zai tsaya cak, ko ka karya sanda a bayansa. Amma layi, ban taɓa ganin mai miƙe layi kamarsa ba. In na kafa sanda da tsumma a can nesa, zai nufe ta ba ya karkata, ni dai in bi shi. Sau ɗaya ya ƙi tafiya a wani wuri, na zage shi tas, ashe tsohuwar rijiya ce da yashi ya rufe bakinta. Na ba shi haƙuri a gaban mutane, suka yi ta dariya. Da ya tsufa na ƙi kai shi kasuwa, a gidana ya mutu.

Abin da Baba Kyari bai gani ba shi ne yadda damina ta lalace. A zamaninsa sai an gama yankan hatsi muke fita, ciyawa tana da sauran danshi, muna da wata guda cur. Faɗin hanyarsa taki ashirin ne, kuma yana isa. Yanzu shekara biyu ƙasa ta zauna fayau kamar tafin hannu, ta uku ruwa ya zubo kamar da gayya, ciyawa ta kai ƙugu. Sai ya ɗauke rana ɗaya ba sallama, zafi ya sauko, kwana goma komai ya bushe ƙayau tun gero na tsaye a gona. Ga motocin masu zuwa haƙar zinariya suna ratsa daji, ana jefo guntun taba. Ku kuna murna in kun ga ciyawa. Ni shekarar ciyawa ita ce shekarar da nake tsoro, domin abin da za a ci har shekara biyu yana tsaye waje ɗaya yana jiran ashana guda. Ni taki talatin nake yi yanzu, kuma ina fita tun ba a ɗaure dami ba. An ce mini mahaukaci. To.

Shekarar da abin ya faru irin wannan ce. Wani furoje ya kawo hatsi da manjagara, aka ba ni mutum ashirin da biyar, aka ce mu kewaye kwarin Ardo Jaɓɓi ta gabas. Mun yi kwana tara, saura tsakiya da ɗan ƙarshen arewa, sai Laminu ya zo a kan babur da taswira. Ya ce baƙi za su zo dubawa ranar Alhamis, aiki dole ya haɗe. Ya nuna burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya ya ce, "Habu, ga hanya Allah ya share mana. Ba ciyawa ko ɗaya. A ɗan ja manjagara a gefe, a haɗa da taka, an gama."

Na ce, "Laminu, sauko daga babur ka duba ƙasa."

Ya ce, "Na gani, ƙasa ce."

Na ce, "Ba ƙasa ba ce. Kashin shekara goma ne da dusar ciyawa, kofato ya niƙe su. Wannan murhu ne. Ka ba ni kwana shida in bi bayan tudun can."

Ya ce, "Kwana shida a ina? Kai matsalarka ba ka san yadda ake aiki da mutanen ofis ba."

Na ce ba da hannuna ba. Na kwance Kumandan, na ɗauki mutum shida muka tafi ƙarasa ƙarshen arewa. Shi ya tsaya a kan sauran suka bi burtali. Laifina guda ne, kuma ba na ɓoye shi: da na je wurin Ardo a ranar na gaya masa. Fushi ya hana ni. Na ce bari baƙi su tafi in dawo in gyara. Ranar Alhamis aka miƙo takardar kammala aiki da Faransanci, na sa hannu ina jin daɗin na iya rubuta sunana a gaban mutane.

Kwana huɗu bayan nan wuta ta tashi daga gabas, da hantsi. Gari duka ya fita da ɗanyen reshe da buhuna. Ta zo hanyata ta arewa ta tsaya, ta zo ta kudu ta tsaya. Ta zo burtali ma ta kwanta, mutane suka yi kabbara. Na ce kada kowa ya tafi, a kawo ruwa a bi burtalin nan taki-taki. Wa zai ji? An gaji, ƙishirwa ta kama kowa, rijiya da nisa. Muka rage mu bakwai muna tona ƙasa da hauya, duk inda ka sara ja ne a ciki. Da la'asar iska ta juyo. Ina kallo da idona, wuri uku lokaci ɗaya, hayaƙi ya tashi a wancan gefen. Kafin rana ta faɗi kwarin Ardo ya zama baƙi ƙirin.

A taron da aka yi, da ma'aikacin gandun daji ya tambayi wanda ya ce a bi burtali, Laminu ya ce, "Mu takarda muka sani. Habu ne gwanin daji, shi ya zaɓi hanya, ga sa hannunsa." Na tashi ina magana, amma ban iya jera zance irin nasa ba. Mutum goma sha tara sun ji musunmu a bakin burtali, ba wanda ya ɗaga kai, domin Laminu ke rubuta sunayen masu aiki. Ban riƙe su ba, kowa da yara a gida.

Ardo ya tashi ya bar taron. Ya kwashe shanunsa ya yi kudu tun sanyi bai shiga ba, ya dawo da damina da garken da bai kai na da ba. Ƙwaryar nono ta daina zuwa. In mun haɗu a kasuwa ya ɗaga mini hannu daga nesa, kamar yadda ake yi wa direban motar da ke wucewa. Shekara uku ina yankan ciyawa ina sayarwa, ina gyara wa mutane ƙotar hauya. Biyu daga ciki ba a yi ciyawar kirki ba, don haka ba wanda ya lura da irin hanyoyin da ake sharewa.

Bana kun ga yadda take. Ranar Laraba da safe ina zaune a ƙofar gida ina wasa haƙoran manjagara, sai ga Laminu a ƙasa, ba babur, da goro a leda. Ya tsuguna. Ya ce wanda ke jan aiki ya tafi haƙar zinariya, samarin bana ba wanda ya taɓa yi, shi kuma kwana uku yana zagaya kwarin yana jin ciyawa na ƙara a ƙafarsa kamar takarda. Ya ce, "Habu, a bar abin da ya wuce. Ka zo ka ja yaran nan."

Na ce, "A ina ya wuce? Ni yana nan a ƙofar gidana. A gindin aduwa ka ajiye shi, can za ka je ka ɗauke, ranar kasuwa, Ardo yana zaune."

Ya ce, "Kana so in tozarta?"

Na ce, "Ina so ka faɗi wanda ya ce a bi burtali. In tozarci ne, ni na ɗanɗana, ba ya kisa."

Ya tashi ya tafi, ya bar goron. Ban yi zaton zai yi ba.

Jiya kasuwa ta ci. Bayan azahar Laminu ya tsaya a gindin aduwar, hularsa a hannu, ya faɗa. Bai tsawaita ba, amma ya faɗa duka, har da kwana shidan da na roƙa. Mutum biyu daga cikin goma sha taran nan suka ce haka aka yi.  Sannan Ardo ya taso ya zo inda nake, ya ce, "Kai kuma me ya hana ka zuwa ka gaya mini a ranar?" Na ce fushi. Ya ce, "Ashe kai ma Babarbare ne, da na sani da tuni ina zaginka." Yau da safe ƙwarya ta zo.

Jiyan, da mutane suka watse, Laminu ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "To, shi ke nan?"

Na ce masa, "Laminu, tun muna aji uku kai ke yi mini lissafi, ni ke dukan masu dukanka, ban manta ba. Kai ba mugu ba ne, matsoraci ne, ka ji tsoron baƙi masu mota fiye da wuta. Sunana ka mayar mini, na karɓa, na gode. Shanun Ardo ba mai mayar da su, ni da kai za mu amsa wannan a gaban Allah, kowa da rabonsa. Zan ja yaran. Taki talatin, bayan tudu, kwana nawa ya ɗauka ya ɗauka, in baƙinka sun zo ka ba su shayi su jira. Amma Asabar da sassafe ka zo gidana, ka bar taswira da takalman nan. Shekara ashirin ban ba kowa kwandona ba. Bana kai za ka ɗauka, ka bi bayanmu kanka a sunkuye, tun daga farkon hanya har ƙarshenta. In ka bar guda ɗaya, ko na ɗan akuya ne, zan sa maka garwashi a kai in ce ka ɗauka."